Kayen da Na Juya wa Baya a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. A shago a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har Madam Ngozi mai sayar mini da firam ɗin hoto, wadda ba ta taɓa kallon kokawa ba, sai da ta tare ni a bakin titi tana son jin yadda aka yi. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai na ɗan rage laifina, ranar nan ma na ji kaina ina ɗora wa rana laifi wai ta haske mini ido. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, ina da shagon hoto a Tudun Wada. Aikina bin taurari ne: 'yan fim in sun zo Zariya wasa, mawaƙa a wajen biki, 'yan ƙwallo ranar da ake ba su kofi. Na san gefen fuskar da kowace jaruma take so a ɗauka, na san mawaƙin da zai kira ni gefe ya ce in rage masa tumbi kafin hoton ya fita. Ina alfahari da wannan aiki, kuma a lokacin alfaharin ya ɗan yi mini yawa.

Rumfar Yaya Isiya mai faci tana kallon shagona. Ya girme ni, mutum ne mai kauri marar yawan magana, kuma duk bayan kaka yakan rufe rumfa ya bi garuruwa kokawa. Wata ranar Talata ya tsallako titi, ya zauna a bencina yana murza gwiwarsa ta hagu.

"Nasiru, kana da aiki makon gobe?"

Na ce babu wanda ba zai ɗagu ba.

"An gayyace mu Maraɗi, mu shida daga wannan yanki. Gwiwar nan ta gaya mini wannan ce fita ta ƙarshe." Ya sake murza gwiwar. "Duk shekarun nan ba ni da hoto ko ɗaya ina kayar da mutum. Wanda ake ɗauka da waya, ƙafafu kawai za ka gani, ba ka san na wane ne ba. Yarana mai faci suka sani. Ran nan Hafsatu ta dawo makaranta tana kuka, wai ƙawayenta sun ce ƙarya take yi, babanta iska kawai yake ba taya. Hoto ɗaya nake so."

Na ce, "Yaya Isiya, ni da nake kama jaruma tsakanin ƙifta ido da ƙifta ido? Wannan ai ƙaramin aiki ne. Ka kayar kawai, sauran nawa ne."

Mun tashi bayan sallar Asuba a bas ɗaya: 'yan kokawa shida, shugaban tafiya Alhaji Garba, makaɗinsu, sai ni. Aka saka ni tsakanin ƙarti biyu, jakar kyamara a cinya, ban san inda kafaɗuna suke ba har Funtuwa. A can aka tsaya karin kumallo, na ga abin da ake kira ci. Ina fama da ƙosai biyar, na kusa da ni ya share kwanon waina ya ce a ƙaro, wai kar ya cika ciki saboda tafiya.

Gab da Malumfashi taya ta sace. Direba ya gangara wajen wani mai faci a bakin hanya. Yaya Isiya ya tsaya yana kallon yadda mutumin ke goge robar, yana girgiza kai, can dai ya kasa daurewa ya ce, "Malam, ba ni nan." Ya karɓi kayan aikin mutum a rumfar mutum, ya yi facin da kansa, mai rumfa na tsaye riƙe da ƙugu. Na ciro kyamara na ɗauka. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ba wannan na kawo ka ka ɗauka ba." Motar duka aka sa dariya.

Mun yi Azahar a Katsina, muka nufi Jibiya. A ɓangarenmu aka duba takardu muka wuce. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, wani jandarma siriri mai hula a karkace ya sa na buɗe jaka. Ya ɗago dogon gilashin kyamarata da hannu biyu yana juya shi.

"Wannan mi ne ne?"

Na yi masa bayani, Alhaji Garba ya nuna takardar gayyata. Ya saurara, sannan ya ja mini kunne sosai: ba a hoto a kan iyaka, ba a hoton bariki, ba a hoton gada. Na ce na ji. Ina rufe jaka sai ya yafito ni, ya zagaya da ni bayan wata bishiyar darbejiya, ya gyara hula, ya gyara bel, ya ƙame.

"Ɗauka guda, in aika ma tsohuwata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba yanzu ka ce ba a hoto a kan iyaka ba?"

Ya ce, "Nan bayan icce ne."

Na ɗauka, ya yi kyau kuwa. Da na nemi lambar wayarsa don in tura masa, sai ya zubo ta da Faransanci, bibbiyu bibbiyu. Duk hirar da muka yi da Hausa ce, amma da aka zo lamba sai harshe ya juya. Haka na tarar da mutanen can duka. Na miƙa masa wayar ya rubuta da kansa. Daga nan har Maraɗi ko allo ɗaya ban iya karantawa ba, ni da nake fasa wa 'yan fim Turanci a gida.

An sauke mu a wata makarantar firamare da yara suka tafi hutu. Aji guda aka ba mu, an tura bencunan yara gefe, an shimfiɗa tabarmi. Abu na farko da na nema shi ne wurin cajin batir, a nan na gamu da abin da ban shirya masa ba. Soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, cajata kuwa mai ƙafa uku ce irin tamu. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, ta ƙi. Na fita na tari acaɓa, wanda su kabu-kabu suke ce masa, na ce a kai ni inda ake sayar da kayan wuta.

Mai shagon wani Ibo ne mai furfura, Oga Chidi. Ina buɗe baki ya ce, "Kai ɗan Zariya ne." Ashe ya yi shekaru a Sabon Gari kafin ya ƙetaro. Ya ba ni kujera, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ko an gyara hanyar Gyallesu, ya tambayi wani mai tsire da ya rasu tun ina yaro. Da na gaya masa ya rasu sai ya ce mutumin kirki ne. Ya ɗauko adafta ya sa mini a aljihu, ya ce in na sake maganar biya zai karɓe abinsa.

Abincinsu bai ba ni wahala ba. Dambu da zogale sun fi mu iyawa, wannan na yarda. Burodinsu ne dai dogo kamar sanda, bayansa da tauri, ranar farko sai da ya kankare mini dasashi. Shayi kuwa wani aiki ne. A gida mai shayi zai cika maka babban kofi, ka shanye ka kama gabanka. A can majalisa ake yi masa, suna kiranta fada. Ana dafa shi a 'yar buta kan gawayi, a zuba a ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓa uku ba. Na shanye nawa, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na yi godiya na miƙe. Wani dattijo ya kama bakin rigata.

"Ina za ka? Na farko ke nan. Saura biyu."

Na koma na zauna. Dattijon shi ne Baba Ilu, mai hoton kokawa tun zamanin da ake sa fim a kyamara. Da ya ji sana'ata sai ya tambaya ko na taɓa ɗaukar kokawa. Na ce a'a, amma na kunna kyamara na shiga nuna masa manyan da na ɗauka, ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya duba a natse, ya miƙo mini.

"Aiki ya yi kyau. Amma duk waɗannan tsaye suke suna jiranka."

Na yi dariya, a raina na ce kishin tsofaffi ne.

Washegari aka buɗe wasa. Filin da'ira ce ta yashi, an kewaye ta da buhuna, jama'a sun cika ko'ina har kan katanga. Gefe guda rumfar manyan baƙi ce. Makaɗa na yi, maroƙa na yi, kowane ɗan kokawa ya shigo da layu a damtse da ƙugu, ya yi kirari, ya zagaya. Ƙa'idar gasar mai sauƙi ce: wanda aka kayar ya fita, ba sake zuwa. Na samu wuri a bakin buhuna kusa da rumfar manya, don a nan na saba tsayawa a kowane taro.

Bayan La'asar aka kira Yaya Isiya da wani matashi ɗan gari. Na ɗaga kyamara na saita. Suka sunkuya suna zagaya juna. Wannan ya kai hannu, wancan ya doke. Suka kama, suka saki. Aka daɗe ana haka har hannuna ya fara sagewa, na fara tunanin ko yau za a gama. Ana cikin haka sai ihu ya tashi daga rumfar manya. Wata mawaƙiya ce ta shigo, wadda ko a Zariya ba a biki sai an sa waƙarta, cikin farar shadda, mutanenta na buɗa mata hanya.

Wallahi ban yanke shawarar juyawa ba. Hannuna ne ya juya, ƙafata ta bi shi. Shekara da shekaru in ihu ya tashi a taro, babban mutum ne ya shigo, kuma wanda ya riga ɗauka shi ya ci ranar. Na matsa gaba, na durƙusa, na yi ta dannawa. Ta gan ni, ta ɗago hannu ta yi murmushi, na ji daɗi har cikin raina. Sai wani ihun ya tashi a bayana, wanda ya ninka na farko.

Na waiwaya. Matashin na kwance rigingine a kan yashi. Yaya Isiya ya riga ya miƙe, hannuwansa a sama, yana juyawa yana duba bakin fili. Ni yake nema. Na danna, na samu hoton mutum a tsaye.

Ya taho yana ɗingishi, gumi da yashi a jikinsa, fuskarsa kamar ta ango. "Mu gani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa masa. Ya sa babban yatsansa yana turawa: mawaƙiya tana murmushi, mawaƙiya tana ɗaga hannu, mawaƙiya tana gyara ɗankwali. Ya tura har ƙarshe, ya dawo baya ko ya tsallake wani abu. Sannan ya miƙo mini kyamarar.

"Ta yi kyau," ya ce, ya wuce.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. A masauki na tarar ana ɗaure masa gwiwa, ta kumbura sosai. Alhaji Garba ya shigo da labarin wanda aka haɗa Yaya Isiya da shi gobe: wani ƙato daga garin Tawa da ake kira Turmi, wanda mutanen gari suka ce sun manta rabon da su ga bayansa a ƙasa. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi. Kayen da Yaya Isiya zai yi a Maraɗi ya riga ya yi shi, ni kuwa ina can ina ɗaukar ɗankwali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, tuwon ma kasa ci na yi.

Da sassafe na nemi Baba Ilu a fada. Ban ɓoye masa komai ba. Bai yi dariya ba, bai kuma tuna mini maganarsa ba, ya dai sa na jira aka gama shayi uku, sannan ya ce in biyo shi fili a wasannin safe.

Ya kai ni can ɗaya gefen, ya zaunar da ni dirshan a ƙasa. "Ka ba rumfa baya, ko wa ya shigo ba ruwanka. In ka danna kar ka duba abin da ka ɗauka, sai alƙalin wasa ya busa. Kuma bar kallon fuska. Ku masu biki fuska kuke biɗa. Nan diddige za ka kalla, da ƙugu. Mutum ba ya ɗaga mutum sai ya dasa diddige, ƙugunshi ya sauka. Da ka ga haka, danna. In ka jira ka ga kayen da idonka, ya wuce."

Na gwada. Wasa huɗu a jere ina makara, ina samun mutum ya riga ya kai ƙasa. A na biyar na ga diddigen wani ya nutse a yashi, na danna ban san me zai biyo baya ba, sai ga kaye cif a cikin kyamarata. Baba Ilu ya leƙa ya ce, "To, ka fara."

Da yamma aka kira Yaya Isiya da Turmi. Turmin ya ci sunansa, gajere ne mai faɗi, wuyansa da kansa kauri ɗaya. Suna fara zagaye na ji ihun jiya ya tashi a bayana, na san ta sake zuwa. Wuyana har ƙaiƙayi yake yi. Na cije, na kafa ido a ƙafafun mutum biyu. Yaya Isiya yana ɓoye ƙafar hagu a baya, Turmi ya gane, yana ta matsa masa ta nan. Suka kama, suka saki. Suka sake kamawa. Zufa na shiga mini ido, ban goge ba.

Sai na ga diddigen dama na Yaya Isiya ya dasu, ƙugunsa ya yi ƙasa. Na danna na riƙe.

Ya shige ƙarƙashin Turmi ya sunkuce shi. Filin duka ya miƙe tsaye. Daidai lokacin da zai juya shi, gwiwar ta ƙi. Suka zube tare, Yaya Isiya a ƙasa, Turmi a kansa. Alƙali ya busa.

Abin da ya biyo baya ya burge ni. Turmi bai tafi murna ba sai da ya tsuguna ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa yashi, ya riƙe shi har bakin fili, jama'a na tafa musu su biyun. Na tuna filin ƙwallonmu, inda in an ci mu ledar ruwa ke tashi sama.

Sai da aka zaunar da shi a inuwa na iya duba kyamara. Ga shi nan. Turmi a sama, ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa, yashi na zuba daga tafinsu. Yaya Isiya a ƙarƙashi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, layunsa sun watsu gefe. Duk taurarin da na ɗauka a rayuwata ban taɓa yin hoto kamar wannan ba. Hotuna shida da suka biyo bayansa kuwa faɗuwar ce, daki-daki.

Na kai masa. Ya daɗe yana kallo, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai halin sana'a ya motsa mini, na rage murya.

"Yaya Isiya, wannan ɗaya za mu wanke. Sauran shidan yanzu zan goge su. Duk wanda ya ga wannan zai rantse ka kayar da shi. A Tudun Wada wa ya zo Maraɗi?"

Ni a wajena ba wani abu ba ne, kullum ina goge ƙuraje ina rage tumbi. Ya tura gaba ya kalli shidan ɗaya bayan ɗaya, har inda bayansa ya taɓa ƙasa.

"Kar ka goge. Mutumin ya kayar da ni, kuma ya ɗaga ni da hannunsa. Ba zan je gida in ci amanarsa ba."

Mun kamo hanya washegari. Baba Ilu ya rako ni har mota da ƙullin kilishi, ya ce baɗi in dawo mu zauna gefe ɗaya, na ce in Allah ya kai mu. A Ɗan Isa jandarman nan ya gane ni, ya ce tsohuwarsa ta ce ya rame. Tun da na dawo kuwa na je kokawa biyu a ƙauyukan kusa ba wanda ya gayyace ni, na zauna a ƙasa na ba rumfa baya.

Na wanke hoton babba, Madam Ngozi ta zaɓo firam mafi kyau a shagonta. Ranar da na tsallaka da shi rumfar faci an taso daga makaranta, Hafsatu na zaune a kan tsohuwar taya tana jiran babanta ya gama aiki. Na jingina shi a jikin injin iska. Ta sauko, ta tsaya a gabansa, ta kai yatsa ta taɓa gilashin daidai fuskar.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne."

"Ka kayar da shi?"

Na kalli Yaya Isiya. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya goge hannu da tsumma.

"A'a, shi ya kayar da ni. Amma duba da kyau. Ƙafafunsa nawa ne a ƙasa?"

Ta sunkuya ta duba, ta sake dubawa.

"Babu ko ɗaya."

Ta juyo wajena, ta ce, "Kawu Nasiru, a yi mini ƙarami wanda zai shiga jakar makaranta."